Fentin da Na Yi wa Bangon Baba Mai Agogo

Ƙarfe goma saura na safiyar Talata, rana ta fito fes kamar ba ita ce ta ɓuya mana kwana da kwanaki ba, amma can gabas wani ɗan baƙin hadari ya zauna shiru yana kallonmu. Ni kuwa ina tsaye a tsakar gidan su Auta, cikin farar rigata mai aljihu biyu da na goge har sau biyu, na haɗa hannuwa a baya, ina jiran yabo.

Eh, yabo nake jira. Ku bari dai ku ji.

Wanda yau ya fara shigowa, sannu da zuwa. Ni mai fenti ne. A unguwa Sannu-sannu ake ce mini, wai ko gobara ake yi sai na gama wanke burushina kafin in fito. Karatuna bai yi nisa ba, in kun ga na ratse hanya ina ba ku wani labarin daban, ku yi haƙuri, haka nake ko a baki. Auta ita ce yarinyar da nake so. Malama ce a makarantar ƙananan yara, kuma ita ce 'yar autan Baba Mai Agogo. Shekara ɗaya da wata uku ina zuwa ƙofar gidansu, ban taɓa wuce ƙofar ba. Abu ɗaya nake nema wurin Baba, ya ce in turo manyana. Sau uku Auta tana kai masa maganar, sau uku yana cewa, "Ina dubawa." Mutumin da ya shekara arba'in yana leƙa cikin agogo da gilashi a ido ɗaya, in ya ce maka yana dubawa, to ka nemi wurin zama.

Gidansu yana layin ƙarshe kafin kogi. Namu yana can kan tudu, inda in ruwa ya zo sai dai mu ji labari. Ranar Larabar da ta wuce kogi ya cika ya tumbatsa, ya shigo layuka yana leƙa ƙofa-ƙofa kamar mai neman gidan wani. Da na isa, ruwa ya kai gwiwa. Kujerun roba suna tafiya a jere abinsu. Mai askin layin ya ɗora madubinsa a ka, duk wanda ya wuce sai ya ɗan tsaya ya kalli fuskarsa. Wata mata tana bin kwandon wankinta tana yi masa faɗa kamar zai ji ya dawo.

Na ɗauko keken ɗinkin Inna, mahaifiyar Auta, a kaina. Kyanwar gidan kuma na cusa ta cikin riga, tana ta yaƙushina, ina ce mata, "Haƙuri, surukata."

Sai ga Mai Tayil da babbar mota.

Mai Tayil shi ne abokin takarata. Yana da shagon tayil mai ƙofa uku da gidan bene, kuma turarensa yakan riga shi isowa. Shi ma Auta yake so. Bai sauko ba, ta taga yake ba da umarni, amma gaskiya ita ce motarsa ce ta kwashe katifu da akwatuna da agogunan Baba duka, zuwa gidan babbar yayar Auta. Inna ta yi ta sa masa albarka har muryarta ta dushe. Ni kuma da na sauke keken, ta ce, "Sannu, ɗan nan. Ba ka jiƙa mini zare ba dai ko?"

Kafin motar ta tashi, Auta ta matso kamar za ta karɓi kyanwa, ta sa mini makulli a tafin hannu. "In ruwa ya janye ka riƙa leƙa mana gidan," ta ce ƙasa-ƙasa. Wallahi makullin nan har gida ban sa shi a aljihu ba.

A gida Yaya tana jirana. Yayata ce ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu, kuma labari yakan iso mata kafin ya gama faruwa.

"Shi ya kawo mota," ta ce. "Kai ka kawo me?"

"Kaina, Yaya. A kansa na ɗauko keken."

"Kai ai kowa yana da shi. Mota ce ba kowa ba. Wai kai sai yaushe za ka yi abin da ido zai gani? Kana nan kana sannu-sannu, za ka ji an ce ka zo ka yi wa ɗakin amarya fenti a gidan bene."

Wannan maganar ta zauna mini a ƙirji kamar dutse.

Ranar Asabar ruwa ya janye. Na buɗe gidan, na shiga da sallama ko da yake na san ba kowa. Laka ta kai idon sawu, ga warin danshi, ga wani kwaɗo zaune kan turmi yana kallona kamar ni ne baƙo. To, ni ɗin ne. Wuni guda na yi ina kwashe laka, na wanke ɗakuna, na shanya tabarmi a kan igiya.

Sai idona ya sauka kan bangon baranda, wanda yake fuskantar ƙofar gida.

Tsohon shuɗin fenti ne, amma an yi masa kaca-kaca da ƙusa. Layi a kan layi, daga wajen idon sawu har sama da kaina. Wani da ɗan da'ira a gefe, wani da hoton kifi, wani da abin da ya yi kama da kofi. Na ce a raina, jikokin gidan nan sun fi ƙarfin Baba, har da mai hawa kujera ya yi zane a sama. Ku da ba masu fenti ba, ba za ku gane ba. Mu in muka ga bango a haka, ji muke kamar mun ga mutum da yagaggiyar riga a tsakiyar kasuwa.

Nan take na tuna maganar Yaya. Ga abin da ido zai gani.

Na kwaso kayana. Na wanke bangon tas. Na dama fila, farin ƙullin nan da muke cike tsaga da shi, na bi layukan ɗaya bayan ɗaya na cike su, har idon kifin ban bari ba. Da ya sha iska na goge ya yi sumul. Sannan na zuba masa fenti ruwan madara, hannu biyu, wato shafi a kan shafi. Na sani, kar ku faɗa mini, ba a yi wa bango mai danshi fenti. Maigidan da ya koya mini aiki da ya gani da sai ya karɓe rolar ya kore ni. Amma ranar Talata za su dawo, kuma zuciya ba ta jiran bango ya bushe.

Ina cikin hannu na biyu saƙon Auta ya shigo. Ita rubutu take yi, ni kuma murya nake turawa.

"Kana ina? Tun safe shiru."

Na danna na yi mata bayani cewa ina wani ɗan aiki.

"Muryar minti huɗu don ka ce kana aiki? Na ji kukan zakara, na ji tarinka, na ji ka gaisa da mutum biyu."

Na sake turawa, na ce akwai abin mamaki yana jiransu a gida.

"Ni dai tsoron abin mamakinka nake ji. Ka ci abinci?"

Na ɗauka wasa take yi. Ashe zuciyar mata tana hango abu.

To, mun dawo safiyar Talata, ni da farar riga. Inna ce ta fara shigowa da ƙullin kaya a ka. Ta dubi tsakar gida ta ce, "Ikon Allah! Ɗan nan, kai ka yi wannan? Ai ko ranar da muka tare gidan nan bai yi tsabta haka ba." Na sunkuyar da kai ina murmushi, ina cewa a raina, Inna, ba ki ga komai ba.

Sai ta juya ta ga bangon. Ƙullin ya faɗi ƙasa.

Auta tana bayanta, cikin shuɗin mayafi, da jakar littattafai a kafaɗa. Ta dubi bangon, ta dube ni, ta sa hannu biyu ta rufe baki. Na ɗauka daɗi ne ya yi mata yawa.

Baba ne ya shigo ƙarshe, da sandarsa, Mai Tayil yana biye da shi ɗauke da agogon bango ɗaya tal, ya rungume shi kamar jariri. Baba ya taka har gaban bangon. Ya sa tafin hannu ya shafa daga sama zuwa ƙasa. Ya daɗe.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba," na ce. "Hannu biyu na ba shi."

Ya janye hannunsa. Ya ɗaga labule ya shige ɗakinsa.

Auta ta ja hannun rigata zuwa bakin ƙofa. Ban taɓa ganin mutum yana son yin kuka da dariya a lokaci ɗaya ba sai ranar.

"Ka san abin da ka shafe?"

"Zanen yara."

"Wane yara! Duk layi ɗaya, inda ruwa ya tsaya ne a wata shekara. Shekara talatin da huɗu Baba yana ja da hannunsa. Kuma ba don ado ba. In ruwa ya shigo gidan nan, sai ya zauna da agogonsa ya ga minti nawa zai yi daga layin ƙasa zuwa mai kofi. In bai kai rabin awa ba, duk layin nan kowa ya kwashe kaya. In ya wuce awa, a ɗora kaya kan gado a zauna. Ranar Laraba wa kake tsammani ya ce mutane su tashi tun da wuri?"

Na waiga na dubi bangon. "To me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Yo wa zai yi tunanin akwai wanda bai sani ba? Na manta ɗan tudu ne kai."

Ba ta rufe baki ba sai ga mai aski ya leƙo, da mutum uku a bayansa. "Inna, sannunku da dawowa. An ce can sama an kwana ana ruwa, kogi ya fara ɗagowa kuma. Mun ce bari mu ji, in ya shigo, Baba zai duba mana bango ko?"

Inna ta nuna musu da baki. "Ga shi nan. Bango ya yi kwalliya, yau ba ya magana."

Suka duba. Suka dube ni, da ɗigon ruwan madara a bayan kunnena da ban san yana nan ba. Mai aski ya ce, "Sannu-sannu, ashe rana ɗaya da ka yi sauri, mu ka yi wa."

Mai Tayil ya gyara murya, ya matsa kusa da labulen Baba. "Baba, kar ka damu. Gobe zan turo a manna maka tayil a bangon, fari tas, a sa ma'auni da lambobi kamar na asibiti."

Daga ciki muryar Baba ta fito a hankali. "Tayil ɗin naka ya san shekarar da aka haifi Auta?"

Mai Tayil ya ce wai ana jiransa a shago.

Kowa ya watse. Ni na kifa bokiti na zauna a gaban bangon. Waya ta yi ƙara, Yaya ce. Ban ɗauka ba, na san labari ya isa. Tunanina ɗaya: in ruwan nan ya shigo yau, Baba ya fito da agogonsa bai ga abin da zai auna ba, to ba sauran "ina dubawa". An gama dubawa ke nan. Na yi tunanin in tashi in tafi, amma ni ko gudu sai na zauna na shirya shi.

Ina zaune ina kallon aikina, sai na ga can ƙasa fentin ya yi ɗan bororo. Danshi ne, ya ƙi karɓar fentin, kamar yadda maigidana ya sha faɗa. Na sa farce na taɓa. Ya saluɓo kamar ɓawon dafaffen ƙwai. A ƙarƙashinsa ga tsohon shuɗi, kuma a tsakiyar shuɗin ga wani siririn farin layi, miƙe sak.

Filar da na cusa ce. Ta zauna daram a cikin tsagar ƙusa.

"Inna," na ce, "in kin yarda, zan ɓata aikina."

"Ɓata, ɗan nan. Yau dai ɓarna a hannunka take."

Na cire farar riga na rataye, na ɗauko ɗan ƙarfen da muke kankare fenti da shi. Aikin ba na ƙarfi ba ne. In ka danna da yawa, ka tono filar, layi ya tafi. In ka yi sama-sama, fenti ya ƙi tashi. Sai ka kwantar da bakin ƙarfen, ka tura kamar kana yi wa jariri aski. Na fara daga ƙasa, ina durƙushe.

Wajen ƙarfe biyu hadarin nan ya daina kallo, ya fara aiki. Inna ta jawo kujera ta zauna a baranda da ƙwaryar wake tana tsinta, amma idonta yana kan hannuna.

"Tsaya! Wannan mai da'irar, shekarar da zobena ya faɗa ruwa ce. Har yau Babanku yana cewa zai sayo wani."

Na ci gaba. Kifi ya fito, da idonsa.

"Wannan kuma shekarar da kifi ya kwana a ƙarƙashin gadonmu. Da safe muka yi masa hukunci. Ita kuwa ta kusa da shi, ta Auta ce. A kan teburin gyaran agogo na haife ta, ruwa yana wucewa ta ƙasa."

"Inna!" in ji Auta daga ɗakin girki.

Sai muka ji daga bayan labule: "Ba ita ba ce. Ta samanta."

Inna ta kalle ni ta kashe ido ɗaya. Na kalli labulen, na ga yana ɗan motsi ko da yake iska ba ta kai nan. Na yi kamar ban gani ba.

Ƙarfe huɗu da rabi ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ja, ɗauke da ganye da murfin kwalba. Lokacin na gama na ƙasa duka har zuwa kafaɗa, saura na sama. Na tuɓe takalmana a bakin baranda, na hau tsani.

Labule ya ɗaga. Baba ya fito da 'yar kujerarsa da agogon aljihu. Bai kalle ni ba. Ya zauna, ya buɗe murfin agogon, ya zuba wa bango ido. Fararen layuka a kan shuɗi, ko daga bakin ƙofa ana ganinsu, shi ya sa mai aski da mutanensa ba su ma shigo ba, suka tsaya can da lema ɗaya su huɗu.

Ruwa ya taɓa layin ƙasa. Baba ya danna agogo.

Ni kuwa na koma kan aikina. Sai ƙarar ruwa a kan kwano, da ƙarar ƙarfena, ƙyas, ƙyas. Ruwan yana hawa kamar bai ƙoshi ba, ya tsaya, ya sake ɗan motsawa. Ni dai ban taɓa jin awa mai tsawo irin wannan ba, ni da ake ce wa ban san lokaci ba.

Daga ƙarshe Baba ya rufe murfin. "Ku ɗora kaya kan gado, ku je ku sha shayinku. Wannan ba mai kwana ba ne."

Mai aski ya ɗaga lema sama. "Bango ya yi magana!" Suka watse suna dariya cikin ruwa.

Baba bai tashi ba. Ya ɗaga kai, ba wajena ba, wajen bangon. "Akwai ɗaya can sama, hannun hagu. Kar ka tono ta."

"To, Baba."

Na same ta, na bi ta a hankali har ƙarshe. Ya sa gilashinsa a ido ɗaya, ya matso, ya duba layin da ke daidai fuskarsa kamar yana duba cikin agogo.

"Ko ɗaya ba ka tsallake ba lokacin da kake cikewa?"

"Ban tsallake ba, Baba. Na ɗauka ɓarna ce, shi ya sa na bi su duka."

"Hm."

Waya ta motsa a aljihun wandona. Na leƙa da hannu ɗaya. Auta ce, daga ɗakin girki, taku biyar tsakaninmu: "Ya ce hm! Tun da aka haife ni sau biyu na ji ya faɗa. KAR KA YI MAGANA."

Ban yi ba. Shi ne ya yi.

"Wa kake da shi babba a gida?"

"Yayata, Baba. Da kawuna."

"In kawun naka zai zo, ya biyo ta bayan makaranta. Nan gaba laka ce, sai ta yi mako ba ta bushe ba."

Masu karatu, zuwan gaisuwa yake nufi, ko zuwan nan da nake nema shekara ɗaya da wata uku? Ban tambaya ba. Na riƙe tsani da hannu biyu don kar in faɗo. A ɗakin girki na ji murfin tukunya ya faɗi, Inna ta ce, "Ke, a hankali, ba ke aka ce wa ba."

Ashe duk wannan lokacin ruwa ya hau bakin baranda, ya ɗauki takalmana, ɗaya ya riga ya kama hanyar magudana, ɗayan yana biye da shi. Daga kan tsani nake kallonsu, ba halin sauka. Baba ya miƙa sandarsa ya taro na farko, ya taro na biyu. Ya sunkuya da tsufansa ya ɗauke su, ya kakkaɓe ruwan, ya jera su a bakin taga, tsakanin nasa da na Inna.

Na buɗe baki. Auta ta leƙo ta girgiza mini kai. Baba ya riga ya koma kujerarsa, ya buɗe murfin agogo, yana kallon ruwa.